Murya Daga Zauren Gaji

Litinin, da hantsi. Nguru, bayan Babbar Salla

Bismillahi. Ni ne Sajan Saleh, wanda ya je yaƙin Bama ya dawo da ƙafafunsa biyu, malamin motsa jiki na leburorin tashar Nguru. Mai karanta wannan ya gyara zama, ya miƙe baya, ya ja cibiya ciki. Ba na son a karanta maganata da ƙusumbi.

Ga yadda na sami aikin nan. Alfadari ya faɗo mini a kan dutse, aka kwashe ni zuwa asibitin soja a Indiya, na kwanta har na manta yadda ƙasa take a tafin ƙafa. Wata tsohuwar nas ta ɗaura sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa ya koma, a ƙarfen gadona, ta ce in ja, in saki, in yi numfashi kamar mai hura wuta da ɗanyen ice. Ba allura, ba sassaƙe. Ranar da na tsaya na yi rantsuwa, duk inda na ga baya a kwance sai na tashe shi.

Da na dawo na tarar da Nguru cike da irin bayan nan. Buhun gyaɗa ba ya jin magiya. Leburori suka yi ta tsinto mini sifirin a jujin reluwe, maƙeri ya haɗa mana gado irin na Indiya, muka kafa shi a rumfa bayan sito. Kullum bayan asuba sai su zo su kwanta a tabarma kamar kifin da aka shanya, ni kuma ina ƙirgawa. Ja ta hanci. Saki ta baki. Cibiya ta nemi gadon baya. A hankali, ba tsere ba ne.

Abu biyu ba na yi. Ba na rataya laya a gadon nan, don ba asiri ba ne, haƙuri ne da gumi. Kuma ba na cewa sannu. Sannu ba ta ɗaga ƙafa.

Akwai wani yaro a wurina, Laminu. Bara ya faɗo daga katakon lodi da buhu a kansa, ni na tashe shi. Mutane suna cewa shaƙiyyi ne. Ni dai ban taɓa ganin saurayi mai kyau da basira kamarsa ba, daga nan har Karasuwa. Duk abin da na iya ya iya. Har tarina ya iya.

Talata, bayan azahar

Kasuwa ta ci, ban leƙa ba. Na je gidan Gaji.

Gaji shi ne shugaban masu lodi. Da damina buhuna suka zubo masa a tarago, tun ran nan yana kwance. Ƙafafun suna jin tsini amma sun ƙi ɗaukarsa. An so a fito da shi, da an ɗaga sai ya suma. Ni kuma ya ce ba zan shiga ba, wai mutumin da ya ci tuwon bariki ba ya ƙetare zaurensa, ga matarsa Suwaibatu a kulle. Ban ji haushi ba. Gidan tafin hannu ne, ɗakinsa na jingine da zaure. Sai nake tsayawa a zauren in ɗaga murya, Suwaibatu ta zama hannuna a ciki, ta riƙe masa diddige, ta faɗa mini ta bayan zana abin da ta gani.

Na yi masa alkawari a gaban mutane: “Gaji, ba zan bar Nguru ba sai ka tako zauren nan da ƙafarka ka kalle ni ido da ido.”

Na faɗa. Kowa ya ji na faɗa.

Laraba, da safe

Wai an gan ni shekaranjiya a gaban motar Gashuwa, kusa da direba, da gado ɗaure a saman kaya. Mutanen Nguru da baki. Wanda ya gani ya je wanzami ya duba masa ido.

Gadon dai ba ya rumfa. Ramukan ƙafafunsa huɗu suna nan a ƙasa. Ran da abin ya faru Laminu ya zauna yana kallonsu har rana ta take, ban san me yake nema a cikin rami ba.

Laraba, la’asar

Ina nan Nguru.

Alhamis, da hantsi

Leburori sun zo rumfa, ba su da yawa. Na ce Laminu ya ƙirga musu. Suka yi dariya, wani ya ce, “Kai ɗan nema, yi mana tafiyar sarkin tasha tukuna.” Ya yi musu. Ya turo ciki gaba, ya busa usur da yatsa, har wani ya zabura zai ruga lodi. Da dariya ta lafa ya ce, “To, cibiya ciki.” Sai ga su sun kwanta.

Da za su watse ya roƙe su abu guda: duk wanda ya je gaida Gaji daga zaure, kada ya kai masa zancen mota.

A zauren na yi tari biyu kamar kullum. Daga ciki Gaji ya ce, “Sajan, ka makara.”

Na ce, “Soja ba ya makara, rana ce ta yi sauri. Lanƙwasa gwiwa.”

Zuciyata tana ta bugu kamar ta ɓarawon akuya. Ban san dalili ba. Ai zauren da na saba ne.

Asabar

Ja ta hanci, saki ta baki. Ja ta hanci, saki ta baki. Babu labari daga ko’ina. Ba kuwa wani labari nake jira ba.

Lahadi, bayan azahar

Yau ya yi ƙara. Mun zo inda zai manna ƙugu a tabarma ya ɗaga ƙashin baya gaɓa-gaɓa, kamar mai jan carbi. Sai na ji wani nishi irin na bijimi a mahauta. Kafin in ankara bakina ya ce, “Sannu, Gaji. Sannu.”

Gidan ya yi tsit. Har kajin suka yi shiru.

Can Suwaibatu ta ce, “Malam, a ci gaba ko a huta?”

Na ce a ci gaba. Na ƙara kaurin murya har maƙogwaro ya yi mini zafi.

Talata, da hantsi

Ya zauna! Suwaibatu ta ce ya zauna da kansa, hannu ɗaya a bango. Na ji shi yana haki yana dariya.

Da daɗi ya kama shi sai hira ta zo. Ya ce, “Sajan, ina wannan tsinannen yaron naka?”

Na ce, “Wanne?”

“Laminu mana. Wanda ya sa mini ƙadangare a hula ranar Juma’a, na cire a sahun gaba.”

“Ai ya shiryu.”

“Ya shiryu? Ran da kura ta yi aikin hajji. Don Allah kada ka taɓa bari ya ƙirga mini. Wannan zai ce in ɗaga ƙafa ya tafi shan fura ya bar ni a haka.”

Na ce, “Gaskiyarka. Ɗan banza ne na ƙarshe.”

Na ji Suwaibatu ta yi wani tari a bayan zana. Ko hayaƙi ne.

Na dawo ina jin daɗi, na doshi ɗakin da ke bayan rumfa don in faɗa wa... Babu kowa a ɗakin. Ai ɗakina ne, wa zan tarar?

Laraba

Zama ya samu, saura tsayuwa. Tsayuwa kuwa tana son sifirin, don ƙafa ta koyi turawa tana kwance kafin a ɗora mata mutum. Na san haka. Abin da ban sani ba shi ne mai tauri ake farawa da shi ko mai laushi. Wato na manta. Tsufa.

Zan aiki Laminu Gashuwa. An ce akwai wani mutum can mai kama da ni. Ya roƙo ko da sifirin biyu, ya yi tambaya, ya kuma ji yaushe mutumin zai dawo. Don tabbas uzuri ne ya kai shi.

Asabar, da hantsi

Laminu ya dawo jiya a bayan motar banda, yana warin kifi. Ga abin da ya gani, yadda ya faɗa mini.

Gidan Alhaji Abbagana ba ya ɓata a Gashuwa, shi ne mai fataucin banda, ƙofarsa na kallon kogi. A babban zaure ya tarar da gadonmu. Da ƙyar ya gane shi. An shimfiɗa masa darduma, an rataya laya a kowane sifirin, ga kaskon turare a ƙarƙashi. Alhaji na kwance a kai da tumbinsa, yana cin dabino, mutumin nan mai kama da ni yana ja masa sifirin ɗin da hannunsa. Alhaji ko gumi bai yi ba. Mutumin yana sanye da sabuwar riga mai aska, yana gaya wa ’yan zaure wai asirin Indiya ne, wani boka mai gemu har cibiya ya ba shi a bakin kogo.

Da ya ga Laminu bai ji kunya ba. Ya jawo shi waje, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, “Shaƙiyyi, Allah ne ya kawo ka. Gobe Alhaji na da baƙi daga Jakusko. Za ka zo a kan jaki, a sauke ka kamar gurgu, ka yi ta ihu. In kwantar da kai, in ja sau uku, ka miƙe ka yi tsalle. Kai da kake kwaikwayon kowa, wannan ai ruwa ne.”

Laminu ya ce, “Baba Sajan, Ya Gaji fa?”

“Gaji ba zai tashi ba.”

“Ya zauna ranar Talata.”

“Zama daban, tashi daban. Na ga irinsa da yawa a Indiya. Tun ranar farko na sani. Ina ƙirga masa ne don kada zuciya ta kashe shi.”

“Alkawarin fa? Ka faɗa a gaban mutane.”

“Alkawari ba ya zama tuwo. Tun da na dawo nake ƙirga wa leburori numfashi, me na samu? Allah ya saka. Allah ya saka ba ta rufe ɗaki da damina.” Sai ya kai hannu ƙugunsa ya danna, fuskarsa ta yamutse. “Bayan nan nawa ya fara magana. Ran da na kwanta, wa zai tsaya a zaure ya ƙirga mini?”

Laminu ya ce amsar tana bakinsa. Kalma ce ’yar ƙarama: “ni”. Bai faɗa ba.

Maimakon haka ya ce, “Ni fa? Ni ma don kada zuciya ta kashe ni ne?”

Mutumin ya yi dariya. “Kai yaro ne, ƙashinka ɗanye. Ko ba ni za ka tashi.”

Wannan yaron, ya taɓa kwanciya a makara don ya tsorata masu wanka. Ya taɓa yin makaho a kasuwar Nguru har wata tsohuwa ta ja masa gora. Babu ƙaryar da ba ta yi masa daɗi. Amma ya san daren da ya kasa juyawa, ya san ranar da babban yatsansa ya fara motsi, ya san wanda ya durƙusa ya riƙe masa diddige. Shi ke nan abu guda da yake da shi wanda ba wasa ba. Shi aka ce ya hau jaki da shi.

Laminu ya ce a’a. Ya roƙi sifirin biyu. Mutumin ya ce Alhaji ya san adadin layunsa.

Tambayar mai tauri ko mai laushi, bai ma yi ta ba.

Mutumin nan ba ni ba ne. Kama ce kawai.

Lahadi

Ban je zaure ba.

Litinin

Ban je ba. Me za a ƙirga? Wanda ya sani ya ce ba zai tashi ba.

Talata, bayan la’asar

Laminu ya bi ta bayan gidan Gaji, ba don komai ba, hanya ce. Sai murya ta fito ta cikin zana, ƙasa-ƙasa.

“Laminu.”

Ya tsaya cak.

“In ka ga Sajan, ka ce masa maigida ya ƙi cin abinci tun jiya. Yana cewa ko ya yi laifi ne. Ka ce masa ni ban san Indiya ba, amma ni nake riƙe da ƙafar nan, kuma jiya ta ture hannuna.”

Ya ce, “Zan faɗa masa.”

Ta ce, “Ka ce ya zo da tarinsa.”

Laraba, da hantsi

Na je. Na tafi da robar tayar keke guda biyu da na roƙa wurin mai faci, na jefa ta saman zana. Na ce a ɗaura a ƙafar gado, a zura tafin ƙafarsa, a fara da guda ɗaya. Mai laushi tukuna. Haka jikina ya tuna, ko da kaina bai tuna ba.

Gaji ya ce, “Sajan, na zaci ka gaji da ni.”

Na ce, “Zazzaɓi na yi.”

Ya ce, “Na san ba za ka tafi ba. Mutum ɗaya ne a garin nan in ya faɗa ya faɗa.”

Na ce, “Tura. Saki ta baki.”

Juma’a

Roba biyu. Ya zage ni, ya zagi mai keken, ya tura.

Lahadi

An ce mutumin nan mai kama da ni ya ta da wani gurgu a Gashuwa, a gaban baƙi, da ja uku. Ashe an sami mai hawa jakin.

Ni ina nan Nguru.

Laraba, bayan azahar

Ya tsaya jingine da bango, tsawon Fatiha da Ƙulhuwallahu. Suwaibatu ce ta karanta.

Yanzu wani tsoron ya zo. Daga ɗakinsa zuwa zaure ba nisa. Kullum ina matso da shi, kuma na san wanda zai tarar.

Asabar

An fara sayen gyaɗa, taragu sun cika tasha. Gaji ya ji usur daga ɗaki, ya ce gobe zai fito. Na ce bai isa ba, ya ƙara mako. Ya ce, “Sajan, yau kuma kai ke ja da baya?”

Ina iya ƙin zuwa. Ina iya cewa an kira ni Kano. Hanyoyin gudu na san su duka, an ma nuna mini wata sabuwa kwanan nan.

Lahadi, bayan azahar

Na je da hantsi. Na yi tari biyu. Na ce, “Cibiya ciki. Kada ka kalli ƙasa, ƙasa ba za ta gudu ba.”

Na ji sanda ta dira. Na ji ƙafa tana jan ƙasa. Shiru. Sanda kuma. Ina ƙirgawa, muryar tana neman tsinkewa, ina ɗaure ta. A hankali, ba tsere ba ne. Sai asabari ya motsa, hannu ya fito ya kama bakin ƙofa, ga Gaji, ya rame kamar kara, gumi har gemu, yana washe baki.

Ya dubi dama. Ya dubi hagu. Ya leƙa bayana.

Ya ce, “Kai, ina Sajan?”

Ya sake leƙa ƙofar waje.

“Yanzu na ji shi. Ina ya shiga?”

Na buɗe baki, na ce da muryar nan, “Ja ta hanci, Gaji.”

Murmushin ya sauka a hankali. Ya zame jikin bango ya zauna a dakali, yadda aka koya masa, baya a miƙe.

“Tun yaushe?”

“Tun bayan Salla, Ya Gaji. Yana Gashuwa. Ya tafi da gadon.”

“Ya ce me a kaina?”

Na so in yi ƙarya. Ita ce sana’ata. Ta ƙi fitowa. Na ce, “Ya ce ba za ka tashi ba.”

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Sannan ya ɗaga murya, “Suwaiba! Ke ma?”

Daga bayan zana ta ce, “Tun ran da ya ce maka sannu. Sajan ya taɓa ce wa wani sannu?”

“Kuka haɗa kai kuka mai da ni abin wasa a gidana.”

“Da na faɗa maka, da ka ɗaga ƙafar?”

Ya juyo kaina, idonsa jajir. “Na zage ka a gabanka ka ce gaskiyata.”

“Ai gaskiyar ce.”

Bai yi dariya ba. Ya ce in ba shi sandarsa. Na miƙa hannu zan tallafe shi, ya buge hannun. Ya tashi shi kaɗai, da nishi, ya juya. Na ce a raina shi ke nan, na rasa biyu ke nan, ba Sajan ba Gaji.

Yana bakin asabari, bai waiwayo ba, ya ce, “Gobe da hantsi. Kada ka makara. Kuma in na sake jin muryar mutumin nan a zaurena, da sandar nan zan raka ka har tasha. Ka zo da taka muryar.”

Litinin, kafin hantsi

To. Mai karatu ya saki cibiyarsa, wasa ya ƙare.

Ban je Bama ba. Iyakata Gashuwa, a bayan motar banda. Sajan Saleh bai rubuta ko wasali ɗaya a nan ba, bai ma iya ajami ba, bokon soja ya sani. Ni ne Laminu, mai ƙadangare a hula, wanda karatunsa bai wuce allo ba. Na ari sunansa ran da na ga ramukan nan huɗu, don in dai ina rubuta “ina nan Nguru”, to akwai Sajan ɗin da bai tafi ba. Abin da na ce game da kyawun Laminu kuwa, wannan ban janye ba.

Ban yafe wa Sajan ba tukuna. In bayansa ya kwantar da shi wata rana, ban san abin da zan yi ba. Robar keke dai ba ta da wuyar samu.

Rana ta ɗaga. Tun asuba nake gwada “ja ta hanci” da muryata, sai in ji ta siririya kamar ta ɗan akuya. Da ita zan je.